Gajeriyar Filta da Taguwoyin Agali

Ku samarin yanzu, in na ce muku zaɓen filtar mai aiki ne, sai ku kalli juna ku yi murmushi. A wurinku gwangwani ce mai fenti: a kwance tsohuwa, a murɗa sabuwa, a zuba mai, direba ya tada mota, a koma kan shayi. Shekaranjiya na ji ɗayanku yana cewa ko makaho ma zai iya. To, makahon ya fi ku kusa da iyawa, don shi da hannu da baki zai duba, ku kuwa fentin kwali kuke kallo. Ku jawo bencin nan cikin inuwa. Zan ba ku labarin filta guda, wadda ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, amma aka rataya mata ran taguwoyi masu ciki can arewa da Belbeji. Har yau in na tuna sai in ce ikon Allah.

A shekarar da damina ta ƙi arewa, aka kuma rufe iyaka kayan mota suka daina zuwa daga Kano, wata ranar kasuwar Tanut da hantsi wata tsohuwar motar daji, kat-kat mai buɗaɗɗen baya, ta shigo garejin nan. Duk inda ta bi ta bar ɗigon baƙin mai a kan rairayi. Mai ita sunansa Agali, Buzu ne makiyayi, dogo siriri, rawani har hanci, ba ya magana sai ta kama. Na san shi tun lokacin da ya sayar da raƙumansa maza ya sayi motar, kuma a wurina yake yin juyen mai. Ya sauko, muka gaisa, gaisuwar makiyaya mai tsawo, ana sakin hannu ana sake kamawa. A bayan motar akwai duro-duro na ruwa da buhunan dusa.

Da na tambaye shi dabbobi, sai ya faɗa mini halin da ake ciki. Ƴan'uwansa sun kora garken zuwa kudu, wajen Falanko har gaba, neman abin da dabba za ta sa a baki. Amma akwai taguwoyin da cikinsu ya yi nauyi, ba za su iya wannan tafiya ba. An bar su da tsohon mahaifinsa a wata rijiya da ruwanta ya koma laka. Shi Agali shi ne ruwansu, shi ne ciyawarsu. Yakan ɗebo ruwa a famfon burtsatse, ya sayi dusa a kasuwa, ya kai, ya juyo, ya sake. In motar ta tsaya, taguwoyin za su zubar da ciki, sannan su bi. Kuma ba dabbobin kasuwa ba ne, su ne tushen garken gidansu, iyayensu mata tun daga hannun kakansa suke.

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Wani icce ne ya taso daga ƙasa ya bugi filtar, ya lotsa ta daidai inda aka naɗe bakinta, mai yana tsattsafowa ta wurin. Irin wannan ba a like shi, ba a walda shi. Na fito na ce masa filta ta mutu. Sai ya sa hannu cikin riga ya fito da kwali sabo fil, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Na sayo, Maigida. Ga shaidar, irin ta jikin motar.”

Tambarin kam iri ɗaya ne da na goshin motar, ba inda ya kauce. Lambar da ke jikin kwalin ma ita ce. Da ɗayanku ne, da tuni ta hau, an tsaya ana karɓar godiya. Ni kuwa tun da ta sauka a tafina na ji ba ta da nauyi.

Wannan jin nauyin ba da shi aka haife ni ba. Malam Habu ne ya sa mini shi, maigidana, Allah ya jiƙansa, wanda ya tsufa a kan manyan motocin hanyar Agadas. Da aka kai ni wurinsa koyon aiki, na daɗe ban taɓa komai ba sai wankin noti a cikin gazuwal, wato man dizal. Rannan sai ya ɗauko wata tsohuwar filta, ya sa zarto ya yanke gindinta, ya zaro abin da ke ciki. Takarda ce, an ninke ta ninki-ninki an zagaya. Ya ba ni bakinta ya ce in ja da baya. Ina ja tana warwarewa, ina ja tana warwarewa, har ta fi tabarmar da muke salla a kai tsawo, alhali daga cikin ƴar gwangwanin da ba ta fi kofin shan ruwa ba ta fito. Na tsaya da baki buɗe.

“Rufe bakin, ƙuda za su shiga,” in ji shi. “Duk man da ke cikin injin nan ta wannan takarda yake bi. Ya je ya dawo, ya sake bi. Kafin ka gama alwala ya zaga ba adadi.”

Sannan ya ɗauko ƙarfen tsakiyar inji, mai juyawa, da ɗan kwanon da yake kwanciya a kai, ya haɗa su ya ce in nuna masa fili a tsakaninsu. Ban ga komai ba. Ya ce akwai, bai kai kaurin gashin kai ba, kuma nan ne mai yake zama. Muddin inji yana da lafiya, ƙarfen nan biyu ba sa taɓa juna. Mota ta ɗauki buhunan gero har ta durƙusa, ta hau tudu tana kuka, amma can ciki ƙarfe yana shawagi a kan mai ne, bai taɓa ɗan'uwansa ba. A irin wannan wuri ƙwayar rairayi guda dutse ce. Mu kuwa a Damargu rairayi muke shaƙa, shi muke ci a tuwo, yana shiga ta iska, yana shiga ta mazurarin da aka ajiye a ƙasa. Abin da ke tsakanin rairayin nan da ƙarfen nan shi ne takardar da nake riƙe da ita. Na yi shekaru da yawa ina wannan aiki, na buɗe injuna ban san iyaka ba, kuma abin bai daina ba ni mamaki ba. Wanda ya ba ɗan Adam wannan basira shi ne abin tsoro.

Kayan gwajin Malam Habu uku ne, kuma su na gada. Na farko ga shi can rataye a ƙusa, wayar nan mai ƙarafa da direbobi ke kira carbin Malam Habu. Duk injin da ya mutu a hannunsa, sai ya ciro ɗan bututun mai zare da filta ke hawa kansa, ya zura a waya. Kafin filta ta je kusa da mota, sai ta fara hawa ɗan'uwan bututunta a nan, da yatsa biyu, a ji ko tana tafiya sumul, a girgiza a ji ko tana rawa. Na biyu takardar buhun siminti ce. A shafa wa robar bakin filta baƙin mai, a danna a kan takarda, zobe ya fito. A danna tsohuwar kusa da shi, a duba ko zobban sun zama ɗaya. Na uku kuwa kowa yana da shi, baki ne. A kafa leɓe a ramin tsakiya a hura. Akwai wata roba a ciki da ke hana mai zurarewa ya koma ƙasa in mota ta kwana, don da safe kada inji ya tashi a bushe. In tana nan kuma tana aiki, kumatunka za su cika, iska ba za ta wuce ba. Shi ya sa Malam Habu kullum da baƙin zobe a bakinsa, har matan unguwa suna tambayarsa wane irin lalle ne.

Na yi wa filtar Agali duka ukun a gabansa. Zare ya hau. Zobe ya yi daidai. Da na hura, sai iska ta fita fuu ta ƙananan ramukan, ba abin da ya tare ta. Na kaɗa ta kusa da kunne na ji wani abu yana kwaram-kwaram. Na ce masa jabu ce.

Bai yi fushi ba, bai dai gane ba. Ya karɓa, ya juya ta, ya ɗora yatsa a kan tambarin.

“Amma ga shaidar.”

“Na ga shaidar, Agali. Ka yarda in yanka ta?”

Ya daɗe yana kallona, don abu ne da ya saya da kuɗin dusa. Sannan ya ɗaga kai. Na sa zarto. Abin da ya faɗo wani guntun kwali ne da aka naɗe, danƙonsa ya riga ya saki, sai wata tsatsattsar waya. Da wannan ta hau, kwalin zai jiƙe ya dagargaje, ya bi mai ya toshe hanyoyi, inji ya ƙone a tsakiyar daji da ruwan taguwoyi a baya.

Agali ya tsuguna ya tsinci kwalin. Abin da ya faɗa ban manta ba. Ya ce a wurinsu kowane gida yana da shaidarsa ta wuta a wuyan raƙumi ko a cinya. Raƙumi ya ɓace ya yi tafiya har Abzin, wanda bai taɓa ganin mai shi ba zai ga shaidar, ya shayar da shi, ya aika da labari. Da shaida ake sanin uwar dabba da kakarta, da ita ake aure, da ita ake rabon gado.

“Mutum ba ya sa shaidar wani, Maigida. In ya sa, da wace huska zai zo rijiya?”

Kun ga kuskurensa ke nan, kuma kuskure ne na mutumin kirki. Shi bai duba nauyi ba, bai duba fenti ba, bai yi ciniki ba ma. Ya ga shaida a kan teburin wani mai yawo da kaya kasuwa-kasuwa, ya yarda, domin a duniyarsa shaida ba ta ƙarya. Na rasa yadda zan gaya masa cewa waɗanda ke buga irin wannan ba sa zuwa rijiyar kowa. Mai teburin ma wataƙila bai san abin da ke cikin kwalinsa ba.

Sai neman ta ƙwarai. A shekarar arziki da na miƙa hannu kan kanta na ɗauko. A wannan shekara kuwa kantar tawa ƙura ce kawai da yanar gizo-gizo. Na zaga masu kayan gyara na Tanut, na kira wani abokina a Damagaram, kowa amsarsa ɗaya, babu, sai irin wadda na yanka. Wani ya miƙo mini ta wata mota daban, ta ƙwarai ce kuwa, ya ce ai za ta hau. Na ɗora ta a carbi, ta hau ɗin, amma da na girgiza sai na ji ƴar rawa.

Wannan ƴar rawa na taɓa ganin abin da take yi. Wani direba mai jigilar ƴan kasuwa tsakanin nan da Ollelewa ya taɓa sa irinta da hannunsa, don zarenta da na motarsa kamar wa da ƙane suke, ɗaya ya ɗara ɗaya da ɗan abin da ido ba ya gani. Ta murɗu, ta matsu, ba ta ɗiga ba. Ya ɗauki mutane da awaki ya kama hanya. Da inji ya yi zafi, mai ya matsa, sai ta fice gaba ɗaya, man ya tsiyaye a kan hanya shi bai sani ba. Da aka jawo motar muka buɗe, ƙarfen tsakiya ya yi shuɗi, ya manne da kwanonsa, sai da guduma. Kama da wane ba wane ba ne. Na mayar wa mai kanti abinsa na ce na gode.

Ina dawowa sai Hajiya Mariyama ta faɗo mini a rai. Ƴar kasuwa ce a Gangara, mai sayen gero da wake, tana da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya mai shan gazuwal da akwatin giyarta ya fashe, tana zaune a ƙofar gida kaji suna ƙwai a ciki. Hajiya mace ce da ba ta sayen abu ɗaya. In ta sayi fitila biyu take saye, in ta sayi bokiti biyu. Na tuna juyen ƙarshe da na yi mata kafin a rufe iyaka, ta sa na kawo filta biyu na ƙwarai, ɗaya ta hau, ɗaya ta shiga ɗaki. Na kuma tuna yatsuna sun taɓa gaya mini zaren motarta da na irin motar Agali ba su da nisa. Na ciro bututun daga carbi, na buga zoben tsohuwar filtarsa a takarda na ninke, na bar shi yana gadin motarsa, na hau babur ɗin kabu-kabu cikin rana tsaka.

Na same ta a zaure tana auna wake. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta kalle ni sama da ƙasa.

“Lawali, tun daga Tanut ka taho cikin wannan rana saboda gwangwani? Ko dai matarka ta kore ka?”

Ta shiga ɗaki, na ji ana sauke kwanoni. Ashe a cikin kwalla ta ajiye ta, ƙarƙashin zannuwan biki. Ta fito da ita tana ƙanshin turare. Na karɓa na ji nauyi ya zauna a hannuna. Na ɗora ta a bututu, ta tafi sumul har ƙarshe, na girgiza ba rawa. Na shafa ɗan mai na danna kusa da zoben Agali, na ɗaga takardar a rana, zobe ya hau kan zobe. Na hura har idona ya kawo ruwa, iska ba ta wuce ba. Hajiya tana ta dariya, ta ce da ta san busa zan yi da ta kira makaɗa. Illa ɗaya, ta fi tasa gajarta da kusan yatsa uku.

“To, ita ce tashi?”

“Ba tashi ba ce, Hajiya. Amma za ta zauna.”

“Za ta zauna ko za ta kai?”

Na ce zama na sani, kaiwa sai Allah. Na gaya mata batun tsohon da ke rijiya da taguwoyin da cikinsu ya yi nauyi. Dariyar ta ɗauke. Ta ce ita ta san ciki a bazara, ta ɗauka ba sau ɗaya ba, ta san yadda ƙishirwa take ga mai juna biyu.

“Ɗauki ka tahi. Ba don kai ba, don su.”

Da la'asar sakaliya na dawo na shiga ƙarƙashin motar. Matacciyar tun da hantsi na kwance ta da sarƙar keken nan da kuke rainawa, sai na sa yatsa na shafa mazaunin in tabbatar tsohuwar roba ba ta manne a can ba, don roba biyu a wuri ɗaya ɓarin mai ne. Na goge da tsumma mai tsabta. Na cika sabuwar da mai, na jira takarda ta sha, na ƙara. Na shafa wa robarta mai, na murɗa da hannu har ta taɓa, sannan na ƙara mata abin da hannu ya iya, ban sa mata ƙarfe ba. Na cika inji da sabon mai, na shimfiɗa farar takarda a ƙasa, na ce Agali ya tada.

Akwai ɗan lokacin nan da jar fitilar mai take kunne bayan inji ya tashi. Ba shi da tsawo, amma a cikinsa ne mai yake hawa, ya ratsa takarda, ya bi ramukan da ba wanda zai taɓa gani, ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya raba su. Ni da Agali muka zuba wa fitilar ido, ba mai numfashi. Ta mutu. Muryar injin ta sauko ta yi laushi. Na bar shi ya yi zafi, na ba shi wuta, na sake ba shi, na zaro takardar ƙasa. Fara tas.

Ban ɓoye masa komai ba. Na ce masa akwai abin da baki da yatsa ba sa iya gwadawa. A can cikin kowace filta akwai wata ƴar ƙofa mai waya, wadda in takarda ta toshe sai ta buɗe mai ya wuce ba tacewa, don mai mai datti ya fi babu. Kowane inji da ƙarfin wayar da aka yi masa, ni kuwa ban san ko ta wannan ta yi daidai da tasa ba. Kuma tun da gajeriya ce, takardarta ba ta kai tasa yawa ba, za ta cika da wuri. Na ce kada ya motsa da safe sai fitila ta mutu. Kada ya ba ta wuta a rairayi kamar yana kora jaki. Ya rufe mazurari a cikin leda. In jar fitila ta ko ƙifta yana tafiya, ya kashe nan take, ko a ina yake.

Ya saurari duka. Sannan ya duba ƙasa, ya tsinci ƙusa, ya miƙo mini.

“Sa shaidarka.”

Na yi dariya na ce ni bakanike ne, ba ni da shaida.

“Mutum ba ya rasa shaida. Waccan ta jiki ban yarda da ita ba yanzu. Kai ka duba, kai ka hura. Sa taka.”

Na daina dariya. Na sa filta ga motocin ƴan kasuwa, na sa ga motocin ofis, ba wanda ya taɓa cewa in sa hannu. Ga shi ranar da aka fara nema, filtar ba ta motar ba ce. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Na koma ƙarƙashi na karce zobe da sanda a tsakiya a gindinta. Ya leƙo ya gani, ya ɗaga kai, ya hau. Ya nufi arewa da duro-duronsa suna kaɗawa.

Bazarar ta yi tsawo. Fatun matattun dabbobi suka cika kasuwar Tanut har masu jima suna ƙin saye. Direbobin da ke zuwa daga arewa suna cewa ba ka buƙatar hanya, ungulu za su nuna maka inda rijiyoyi suke. Duk wanda ya shigo garejin nan daga wajen Belbeji sai na tambaye shi kat-kat ɗin Agali. Da farko wani ya ce ya gan ta a layin famfo. Wani ya ce ya wuce ta tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Daga nan labari ya yanke. Inda yake waya ba ta shiga. Duk motar da aka jawo da igiya ta kunno kai daga nesa, sai na ajiye abin da ke hannuna na tsaya har in ga launinta.

Ruwa ya sauka a makare, amma ya sauka. Tuddai suka yi kore, kaya suka fara ɓullowa kaɗan-kaɗan, kantata ta samu ƴan filtoci na ƙwarai. Wata safiya ina kwance ƙarƙashin motar wani, sai na ji muryar inji a ƙofa. Ban ga motar ba, amma na san ta. Na fito da sauri har na buga kai.

Ita filtar, da na kwance ta daga baya, sai da na tallafe ta da hannu biyu don mamakin nauyinta. Na yanka na ga kowane ninki ya cika dam da baƙar laka, ba sauran wurin da ƙwayar rairayi za ta zauna, kuma babu inda takardar ta yage. Ta ɗauki duk abin da aka ɗora mata har iyakarta. Amma ba wannan na fara gani ba a ranar.

Agali ya sauko, ya rame, idanunsa sun faɗa. Muka gaisa. Ya gida, ya gajiya, ya ruwa, ya tsoho. Tsoho yana lahiya. Ba a tambayar makiyayi dabbobinsa kai tsaye bayan irin wannan shekara, sai in shi ya fara. Na shimfiɗa masa tabarma. Bai zauna ba. Ya koma mota ya ɗauko gora biyu naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, da ɗan akushi. Ya ajiye ɗaya gefe ya ce ta Hajiya ce. Ya buɗe ɗayar ya tsiyaya. Nonon raƙumi ne, fari, da kumfa a kai.

“Ba duka suka kai ba,” in ji shi. “Amma tsoho ya ce kai za ka fara sha.”

Na karɓi akushin da hannuna baƙi ƙirin. Na zauna da makiyaya shekaru, na san taguwa ba ta sakin nono sai ta ji ɗanta a jikinta. Na kuma san in ɗan ya mutu, sukan feɗe fatarsa su cusa mata ciyawa su ajiye a gaban uwar, ta shinshina ta saki. Saboda haka ban kai baki ba tukuna.

“Agali, na fata ne ko na rai?”

Ya sa yatsa ya sauke rawaninsa daga hanci, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Murmushi yake.

“Na rai, Maigida. Na baro su suna tsalle.”

Na yi bisimilla na shanye.